Guzurin Kushewa: Mutum-mutuman Matattu a Tsohuwar Masar da Ƙasar Nok ta Kudancin Kaduna

Tsakure

Maƙalar nan ta bibiyi tarihin ƙananan mutum-mutuman da mutanen tsohuwar Masar ke binnewa tare da mamatansu, waɗanda ake kira ushabti, da aƙidar lahirar da ta haife su. Daga nan ta waiwayo gida, ta dubi abin da marubutan Larabci suka ruwaito game da jana'izar sarakunan ƙasashen Sudan kafin Musulunci ya kafu, da mutum-mutuman yumɓu na al'adar Nok da ake tonowa a kudancin Jihar Kaduna. Abin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne, ushabti yana ɗauke da rubutun da ke bayyana aikinsa, shi kuwa mutum-mutumin Nok ba shi da mai ba da labarinsa sai ramin da aka same shi a ciki. Saboda haka duk haƙar da aka yi masa a ɓoye don sayarwa, goge wani babi ne na tarihin addini a ƙasarmu. An rufe da duba matsayin ɗalibin ilimin Musulunci game da irin waɗannan kufai.

1.0 Gabatarwa

Wanda ya tsallake kogin Kaduna ya yi kudu, ya ratsa Sabon Tasha a Ƙaramar Hukumar Chikun, ya kama titin da zai bi da shi ta Kujama da Kachia har ya kai Kwoi, babban garin mutanen Ham, waɗanda Hausawa suka fi sani da Jaba. Kusa da Kwoi akwai ƙauyen Nok, wanda sunansa ya zaga duniya saboda mutum-mutuman yumɓun da aka fara samu a ƙasarsa. Mazauna Sabon Tasha da dama 'yan asalin kudancin jihar ne, Ham da Bajju da Atyap da Adara, ga kuma Gbagyi masu ƙasa. Ta wannan titi suke zuwa gida, ta nan kuma sukan kai gawar ɗan'uwa a binne shi kusa da kakanninsa. Duk da wannan kusanci, in aka tambayi ɗalibin jami'a a Kaduna yadda mutanen dā suka ɗauki mutuwa, zai fi saurin kawo labarin Fir'auna da dalar Giza a kan abin da ke kwance ƙarƙashin gonakin citta na ƙasar Jaba.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Masar ta bar rubutu, an kuma iya karanta shi tun bayan da Bafaranshe Champollion ya warware shi a 1822. Tambayar da ta haɗa al'ummomin biyu ita ce wadda ke gaban kowane addini: idan mutum ya mutu, me yake tafiya da shi, wa kuma zai ɗaukar masa kaya a can? Za a fara da amsar da Masar ta bayar, domin ita ce a rubuce. Shekarun da aka yi wa alamar K.M. na nufin kafin Miladiyya.

2.0 Lahira a tunanin mutanen tsohuwar Masar

Mutanen tsohuwar Masar sun ɗauka cewa ɗan'adam ya ƙunshi sassa da dama bayan gangar jiki. Akwai abin da suka kira "Ka", wato ƙarfin rai mai buƙatar ci da sha ko bayan mutuwa. Akwai kuma "Ba", wanda suke zanawa da siffar tsuntsu mai kan mutum, yana fita daga kabari da rana ya komo wurin gawa da dare. Da yake wannan tsuntsu na buƙatar jikin da zai koma wa, sai adana gawa ya zama tilas. Sukan cire kayan ciki, su busar da jikin da kanwa, su naɗe shi da ƙyallayen lilin, aikin da kan ɗauki kwana 70 ga masu hali.

Bayan wannan sai hisabi. Babi na 125 na tarin addu'o'in da Turawa suka laƙaba wa suna Littafin Matattu ya siffanta yadda ake shigar da mamaci zauren Usiris, wanda suka riƙa a matsayin sarkin matattu, a gaban alƙalai 42, ya yi ta wanke kansa daga laifuka irin su kisa da sata da tauye mudu. Sannan a ɗora zuciyarsa a ma'auni, a ɗaya gefen a sa gashin jimina, alamar gaskiya da adalci da suke kira Ma'at. In zuciyar ta rinjayi gashin, akwai dodo mai kan kada da ƙirjin zaki da ƙugun dorina yana jiran ya haɗiye ta. Don gudun haka sukan sassaƙa buzuzu da dutse, su rubuta masa addu'ar da ke roƙon zuciya kada ta ba da shaida a kan mai ita, su ɗora a ƙirjin gawa.

Wanda ya tsallake wannan siraɗi nasu yakan shiga wata ƙasa da suka kira Sekhet Iyaru, wato fadamar kyauro. Zanen da suka yi mata a bangon kaburbura ya nuna Masar ce aka sake: ga kogi, ga magudanan ruwa, ga alkama da sha'ir sun yi tsawo. To, a nan gizo ke saƙa, domin inda gona take, aiki na nan. A Masar ta duniya hukuma kan ɗebi talakawa aikin tilas: yashe magudanai, gyaran gaɓar Nilu bayan ambaliya, noman gonakin sarki da na gidajen bauta. Akwai wata tsohuwar takarda a gidan tarihi na Brooklyn a Amurka mai ɗauke da sunayen waɗanda suka gudu daga irin wannan aiki, da yadda aka tsare iyalansu a madadinsu. Dattawan ƙasar Hausa da suka ga ɗiban gwamna tsakanin 1942 da 1944, lokacin da Ingila ta tilasta wa talakawa haƙar kuza a Jos bayan Japan ta ƙwace mata Malaya, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayanin wannan tsoro. Bamasare ya ji tsoron kada a wayi gari a lahira a kira sunansa cikin jerin 'yan aiki, shi da bai taɓa riƙe fartanya ba a duniya.

3.0 Daga bayi masu rai zuwa bayin tangaran

Maganin farko da sarakuna suka nema mai muni ne. A Abidos, maƙabartar sarakunan daula ta farko wajen shekara ta 3000 K.M., an sami ƙananan kaburbura sama da 300 kewaye da na Sarki Jer, kuma masana da dama na ganin fadawa da barori ne aka kashe don su raka shi. Al'adar ta mutu da ƙarewar wannan daula. Abin da ya maye gurbinta shi ne siffofin barori na dutse, daga baya na katako. A 1920 aka buɗe wani ɗan ɗaki a kabarin Meketre, babban bafade da ya rayu wajen 2000 K.M. a yankin Luksor na yau, aka tarar da ƙananan mutane na katako suna ƙidayar shanu, suna auna hatsi a rumbu, suna gashin gurasa, suna saƙa, suna tuƙa jiragen ruwa. Gandu ne sukutum aka sassaƙa aka rufe da maigida.

A wannan zamani ne ushabti ya bayyana. Da farko ɗaya ne ko biyu, mai siffar gawa a naɗe, ɗauke da sunan mamaci, yana tsaya masa a matsayin jiki na biyu. Sannu a hankali aka riƙa rubuta masa wata addu'a, wadda daga baya ta zama babi na 6 na Littafin Matattu. Abin da ta ƙunsa umarni ne: idan aka kira mamaci noman gona, ko ban ruwa, ko jigilar yashi daga gabas zuwa yamma, to mutum-mutumin ne zai amsa kiran. Sunan ma ya sauya daga shabti zuwa ushabti, kalmar da aka danganta da aikatau mai ma'anar amsawa. A zamanin sabuwar daula, daga wajen 1550 K.M., aka fara yi masa fartanya a kowane hannu da jakar iri a rataye a baya. Ana yin sa da katako ko dutse ko yumɓu, amma wanda ya fi yawa shi ne na wani irin tangaran mai ƙyalli, shuɗi ko kore, da ake haɗawa da garin yashi.

Da aikin ya tashi daga wakilci ya koma bauta, sai yawa ya zama abin nema. A kabarin Tutankamun, wanda ya mutu wajen 1323 K.M., Howard Carter ya kuma gano shi a Nuwamban 1922, an ƙirga ushabti 413: ma'aikata 365, ɗaya ga kowace rana ta shekara, da masu kula da su 36, da wasu 12 na wata-wata. Daga wajen 1000 K.M. cikakken saiti ya tsaya a 401, wato ma'aikata 365 da shugabanni 36, kowane shugaba da mutum goma a ƙarƙashinsa. Shugaban ba ya riƙe fartanya, tufafin masu rai yake sanye da su, da bulala a hannu, tamkar sarkin gandu a rinji. A gidan tarihi na Birtaniya akwai takardar cinikin irin wannan saiti na 401, inda aka ambace su da bayi maza da mata, aka kuma shaida cewa an biya kuɗinsu da azurfa. Al'adar ta gangara kudu har ƙasar Kush, cikin Sudan ta yau. Sarki Taharƙa, wanda ya mulki Kush da Masar daga 690 zuwa 664 K.M., an binne shi a Nuri da ushabti na dutse sama da 1,000. Ba a daina yin su ba sai a zamanin sarakunan Girkawa da suka gaji Iskandar, gab da Rumawa su karɓe ƙasar a shekara ta 30 K.M.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, aƙidar ta haɗa abu biyu masu karo da juna. Ta yarda da ma'aunin da ba ya duba sarauta, amma ta buɗe ƙofar da mai dukiya zai sayi wanda zai yi masa wahala, ya kuma sayi layar da za ta rufe bakin zuciyarsa. Talakan da aka turbuɗe a yashi cikin tabarma, shi zai amsa kiransa da kansa a can, kamar yadda ya saba a nan.

4.0 Sarakunan Sudan da abokan kushewa

Tunanin cewa babban mutum ba ya tafiya shi kaɗai bai tsaya a bakin Nilu ba. Al-Bakri, malamin Andalus da ya kammala littafinsa al-Masalik wal-Mamalik a 1068, ya ruwaito cewa idan sarkin tsohuwar Gana ya mutu, akan gina masa ƙubba ta katako, a kwantar da shi ciki da kayan adonsa da makamansa da ƙoren cinsa da shansa cike da abinci, a shigar da waɗanda ke yi masa hidimar abinci, a rufe ƙofa, a yi ta zuba ƙasa har wurin ya zama tudu. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya ratsa Mali da Takadda a 1352 zuwa 1353, ya kawo irin wannan labari da aka ba shi game da ƙasar Kubar, wadda masana da dama ke ganin Gobir ce, cewa akan binne sarkinta da wasu barorinsa da 'ya'yan manyan gari.

Ƙasa ma ta ba da tata shaidar. A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a ƙasar Katsina, akwai tuddai da al'adar baka ta ce kushewun sarakunan farko ne. Baturen mulki H. R. Palmer ya tona wasu a 1907 a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka sake tona wasu a 1992. An sami mamatan da kayan hauren giwa da zinariya da duwatsun ado da wuri da tasoshin ƙarfe, ciki har da wadda ta fito daga ƙasashen Musulmi na gabas. Awon shekarun ya sa kaburburan tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Ke nan a lokacin da kayan Musulmi suka fara isowa fadar Katsina ta hanyar fatauci, jana'izar manya na nan bisa tsohuwar al'ada ta tafiya da guzuri. Sai da Musulunci ya zauna sosai likkafani ya wadatar da sarki da talaka.

5.0 Nok: siffofi ba rubutu

A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kan yumɓu kusa da ƙauyen Nok. A 1943 wani kan ya fito a yankin Jama'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonarsa ta doya don korar dabbobi, har ya kai hannun Bernard Fagg, jami'in mulki mai ilimin binciken kufai. Fagg ya ga kamannin da ke tsakanin kawunan, ya sa wa al'adar sunan ƙauyen, ya kuma tara abin da ya samu a gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. Tonon da ya yi daga baya a Taruga, kusa da Abuja ta yau, ya fito da murahun narka tama, abin da ya sa Nok cikin tsofaffin wuraren ƙira a Afirka ta Yamma.

Siffofin Nok ba sa ɓuya. Idanunsu kusurwa uku ne ko rabin da'ira, da huda a ƙwayar ido da hanci da baki. Cikinsu rami ne, domin an gina su ne hawa-hawa kamar yadda ake ginin tukunya. Akwai masu kitso iri-iri, da masu tulin duwatsun wuya, da mai zama ya ɗora haɓa bisa gwiwa, da waɗanda aka nuna da alamun cuta, da masu haɗa siffar mutum da ta dabba ko tsuntsu. Wasu ba su wuce tafin hannu ba, wasu kuwa kansu ya kusa kai girman kan mutum.

Matsalar kayan farko ita ce ruwa ne ya kwaso su ya zuba a kwazazzaban kuza, ba a inda masu su suka ajiye su aka same su ba. Wannan giɓi ne ayarin Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, ya shiga cikewa daga 2005, tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da jami'o'in Jos da Ahmadu Bello, daga sansaninsu na Janjala a Ƙaramar Hukumar Kagarko. Binciken ya nuna al'adar ta faro wajen 1500 K.M., mutum-mutuman kuma sun bunƙasa tsakanin 900 da 400 K.M., wato daidai lokacin da Masarawa ke cika akwatuna da ushabti 401. Mutanen manoman gero da wake ne, suna cin atili, an kuma sami alamar kakin zuma a tukwanensu.

Abin da ya fi shafar wannan maƙala shi ne inda aka sami siffofin. Kusan dukkansu a farfashe suke, kuma yanayin da aka jera gutsattsarin a ramuka ya nuna da gangan aka fasa aka binne. A wurare irin su Pangwari da Ifana an same su kusa da wasu jerin duwatsu da aka ajiye wa tukwane cikakku, wani lokaci da sarƙar duwatsun wuya a shimfiɗe kamar yadda za ta kwanta a wuyan mutum. Ƙasar yankin tana cinye ƙashi, shi ya sa ba a tarar da ƙasusuwa ba, amma tsarin wuraren da awon sinadaran ƙasar sun sa masu binciken suka fassara su da kaburbura. A bisa wannan suka tafi a kan cewa siffofin na da alaƙa da jana'iza da girmama kakanni.

A nan akwai jarabar da ya kamata ɗalibi ya kauce mata, wato ɗaukar Nok reshen Masar. Al'ummomin ƙasar nan da yawa na da labarin fitowa daga gabas, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo a Infaƙul Maisuri cewa ana danganta asalin Gobirawa da Kibɗawan Masar. Irin wannan riwaya tana da matsayinta a tarihin yadda mutane ke kallon kansu, amma kayan da ke hannu sun nuna hanya biyu ce daban. Ushabti ƙarami ne, a zamaninsa na baya da zubi ake fitar da shi ɗari-ɗari, siffarsa ɗaya, an so ya zauna lafiyayye cikin kabari don ya yi aiki. Na Nok kowanne da hannu aka gina shi, da kamanninsa da adonsa na mai daraja, aka kuma fasa shi aka binne a gefe. Haka nan sunan Nok na ƙauyen da aka fara samun kayan ne, domin an same su a faɗin ƙasa mai yawa, daga kudancin Kaduna zuwa Neja da Nasarawa da Filato da Abuja. Gadon duk mazauna wannan yanki ne.

6.0 Masu haƙar dare

Satar kabari ta girmi addinan da muke bi a yau. Akwai takardun shari'a na zamanin Ramsis na Tara, wajen 1110 K.M., da ke ɗauke da iƙirarin ɓarayin da suka fasa kaburburan sarakuna suka ƙona gawarwaki don su kwashe zinariya. A ƙarni na 19, bayyanar ushabti masu sunayen sarakuna a kasuwar Luksor na cikin abin da ya tona asirin wasu mutanen ƙauyen Kurna da suka gano maɓoyar gawarwakin fir'aunoni a Dairul Bahri, har hukuma ta kwashe su zuwa Alƙahira a 1881. Sai dai ushabti ko an sace shi, yana tafe da sunan mai shi da muƙaminsa a rubuce a jikinsa, masani a Landan ko Faris zai karanta ya san daga inda ya fito.

Mutum-mutumin Nok ba shi da wannan gata. Daga tsakiyar shekarun 1990 haƙar ɓoye ta bazu a kudancin Kaduna da maƙwabtanta, dillalai na biyan matasan ƙauye ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kayan na ficewa zuwa kasuwannin Turai. A shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa yumɓun Nok da na Sakkwato da Katsina, da na Bura a Jamhuriyar Nijar, cikin jerin kayan da ke cikin haɗari. A wannan shekara aka baje wasu a gidan tarihi na Louvre a Faris, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce har Faransa ta amince a 2002 cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi, ta hana cinikin irin waɗannan kaya da fitar da su ba izini, amma ayarin Frankfurt ya tarar galibin wuraren da ya rubuta an riga an yi musu rami-rami. Rashin tsaro ya zo ya ƙara: a Fabrairun 2017 aka sace Farfesa Breunig da wani abokin aikinsa kusa da Janjala, aka kashe mutum biyu na yankin da suka bi sawu. An sako su bayan 'yan kwanaki, amma tonon ya tsaya.

Asarar da ke cikin wannan ta wuce ta kayan ado. Mai haƙar dare kai yake nema, domin shi ke da kuɗi. Tukunyar da ke gefe, da jerin duwatsu, da gawayin da za a auna shekaru da shi, duk watsar da su yake yi. Waɗannan kuwa su ne kaɗai abin da zai gaya mana ko mutanen Nok sun yi tsammanin wata rayuwa bayan wannan, da irin tanadin da suka yi mata.

7.0 Matsayin ɗalibin ilimin Musulunci

Ta fuskar aƙida, amsar Musulunci ga tambayar da aka faro da ita a sarari take. A surori biyar, An'am da Isra'i da Faɗir da Zumar da Najm, Alƙur'ani ya maimaita hukuncin cewa ba mai ɗaukar wa wani nauyin zunubinsa, a Suratun Najm kuma ya nuna hukuncin na cikin takardun Annabi Ibrahim da Annabi Musa (AS), shi Musa da ya tashi a gidan Fir'auna. Inda Bamasare ya nemi rufe bakin zuciyarsa da buzuzun dutse, surorin Yasin da Nur da Fussilat sun bayyana cewa gaɓoɓin mutum ne za su yi shaida a kansa. Hadisin Anas (RA) da Bukhari da Muslim suka fitar ya nuna iyali da dukiya rakiya kawai suke yi su juyo, aiki ne ke zama da mamaci. Manzon Allah (SAW) a tufafi uku farare aka yi masa likkafani, Mus'ab ɗan Umair (RA) kuwa a Uhudu mayafinsa bai kai ya rufe kai da ƙafa ba, sai da aka cike da ciyawa. Duk da wannan tazara, ma'aunin da Masarawa suka zana shaida ce cewa jin akwai hisabi daɗaɗɗe ne a zuciyar ɗan'adam, kuma Suratu Gafir ta kawo muminin gidan Fir'auna yana tuna wa mutanensa zuwan Annabi Yusuf (AS) da dawwamar gidan lahira.

Ta fuskar hukunci kuwa, hadisan hana sassaƙa siffofi da umarnin da aka ba Sayyidina Ali (RA) na shafe su sanannu ne, malamai kuma sun yi saɓani a kan abin da aka daina bauta wa, aka ajiye don nazari. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne, Sahabbai sun buɗe Masar ƙarƙashin Amr ɗan As (RA) tsakanin 639 da 642, kufanta kuma suka wanzu har yau. Abdullaɗif al-Bagdadi, wanda ya zauna a Alƙahira wajen shekara ta 1200, ya siffanta su a littafinsa al-Ifada wal-I'itibar, ya yaba wa sarakunan da suka kiyaye su duk da saɓanin addini, ya kuma zargi masu farfasa su don neman dukiya. Sunan littafin kansa ya nuna manufar: ɗaukar izina, wadda Alƙur'ani ya yi kira gare ta a surorin Rum da Gafir, inda ya umarci a yi tafiya a bayan ƙasa a ga ƙarshen waɗanda suka gabata.

Mai haƙa kan iya fakewa da babin rikazi, wato dukiyar jahiliyya da aka binne, wadda ake fitar wa humusi. Amma mazhabar da muke bi ba ta sake masa fuska ba: an ruwaito daga Imamu Malik karhancin tone kaburburan jahiliyya don neman abin da ke ciki, Shaihu Halil kuma ya tabbatar da haka a Muhtasar a wannan babi. In aka haɗa da dokar ƙasa da ta hana cinikin, da cutarwar da ake yi wa al'ummar da kayan ke ƙasarta, hujjar mai haƙa ta yi rauni ƙwarai.

8.0 Kammalawa

Tarihin ushabti ya nuna al'ummar da ta gaskata hisabi, sannan ta nemi hanyar kauce masa da dukiya. Mun san haka dalla-dalla domin ta rubuta. Mutanen Nok ba su bar rubutu ba, abin da aka fahimta na alaƙar siffofinsu da matattu ya fito ne daga 'yan wuraren da masu bincike suka riga masu haƙa isa. Sassan nazarin addini a jami'o'inmu na da rawar takawa a nan. Ya kamata darasin addinan Afirka kafin Musulunci ya haɗa da ziyarar gidan tarihi na Kaduna da ke titin Ali Akilu, inda ake ajiye da wasu kayan Nok, a kuma ƙulla aiki da sashen binciken kufai na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Haka nan limaman masallatai da shugabannin coci, a unguwanni irin su Sabon Tasha inda 'ya'yan waɗannan ƙauyuka ke zaune, su ne muryar da za ta fi saurin isa gida da saƙon cewa manomin da garmarsa ta ci karo da kan yumɓu ya bar shi inda yake, ya sanar da mai unguwa da jami'an gidan tarihi. Allah ne mafi sani.